Wake, wuta-wuta da muryar alto: yadda na haɗa binciken digiri na biyu da waƙar jami'a

Zangon karatu na uku na digirina na biyu, a fannin inganta irin shuka, ya zo mini da ayyuka biyu waɗanda wa'adinsu ya faɗo a wata guda, wato Disamba. Na farko shi ne tantance zuriya ta biyu ta waken da na yi wa barbara, domin a gane tsirran da wuta-wuta ba ta iya kamawa. Na biyu kuwa shirin taron waƙoƙin Kirsimeti ne na ƙungiyar mawaƙan majami'ar jami'armu, inda nake cikin masu muryar alto tun ina digirin farko. Da na shaida wa malamin da ke duba aikina cewa ba ni da niyyar ajiye waƙar, bai hana ni ba, sai dai ya ce, "Ke dai ki sani wake ba ya jiran kowa, in lokacin tsinkar ganye ya wuce, ya wuce ke nan." Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe," na kuma tsara jadawalin da na bi har ƙarshen shekara: safiya a ɗakin raga inda shukar take, rana a laburare ko ɗakin gwaje-gwaje, yammacin Talata da Alhamis da Asabar kuma a wurin bitar waƙa.

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san wuta-wuta, amma ba kowa ne ya lura cewa wadda ke kama dawa da gero daban take da wadda ke kama wake ba. Ta wake, wadda masana ke kira Striga gesnerioides, gajera ce mai kaurin kara da ƙananan furanni masu ruwan shunayya. Irinta ya fi yashi ƙanƙanta, tsiro guda yana zubar da dubban ƙwayoyi, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma ba su mutu ba. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar wake ke fitarwa, daga nan sai su liƙe wa saiwar su riƙa shan ruwa da abincinta a ɓoye, ta yadda kafin manomi ya ga ciyawar ta leƙo sama, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Shi ya sa cire ta da hannu ko da fartanya ba ya ceton amfanin wannan shekarar. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata, kuma wuraren da aka fi nomansa, masu jigawa da ƙarancin ruwa, su ne wuraren da ciyawar ta fi yin katutu. Maganin da ya fi sauƙi ga talaka shi ne iri mai juriya, tunda ba ya buƙatar sayen komai bayan irin.

A laburare aikin ya soma, tun kafin in taɓa fure ko ɗaya. Laburaren jami'armu, kamar yawancin na jami'o'in ƙasar nan, yana jera littattafai bisa tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda kowane fanni yake da haruffansa: littattafan noman tsirrai suna ƙarƙashin SB, na ilimin gado da ƙwayoyin halitta suna cikin QH, na kiɗa da waƙa kuwa suna ƙarƙashin M. Sababbin maƙaloli ta intanet muke samunsu, ta shirin AGORA wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003 domin jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta mujallun kimiyya. Amma malamina yana da wata ƙa'ida da a lokacin na ɗauka tsanani ne kawai: ba ya yarda ɗalibi ya kafa hujja da maƙalar da bai karanta da idonsa ba, wato ya ɗauko ta daga bakin wani marubucin da ya ambace ta. Saboda haka sai da na shiga mota zuwa Samaru ta Zariya, inda aka soma binciken aikin gona tun 1922, na zauna a ɗakin karatun aikin gona da ke can ina buɗe tsofaffin mujallu da aka ɗinke shekara-shekara cikin bango mai kauri.

Maƙalar da na fi nema ita ce ta B.B. Singh da A.M. Emechebe, wadda ta fito a mujallar Crop Science a 1990. A cikinta suka nuna cewa juriyar wani wake ɗan asalin Botswana, mai lamba B301, ƙwayar gado guda ce mai rinjaye ke ɗauke da ita, wato ko daga ɗaya cikin iyayensa kaɗai tsiro ya gaje ta, zai nuna juriyar. Karanta ta a natse ya amfane ni ta fuskar da taƙaitawar wasu ba za ta taɓa yi ba, domin abin da nake buƙata ba sakamakon kaɗai ba ne, har da yadda aka yi aikin: yadda ake cakuɗa irin ciyawar da ƙasa a tukunya, da lokacin da ake duba saiwa. Daga nan na bi sawun zancen har zuwa 2009, lokacin da Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka wallafa a mujallar Science cewa sun gano ƙwayar gadon kanta. Abin da take yi kuwa yana da ban sha'awa: da zarar ciyawar ta huda saiwa, sai ƙwayoyin naman saiwar da ke wurin su mutu, wurin ya yi baƙi, ciyawar ta rasa abin tsotsa ta bushe. Shi B301 ƙwayarsa ƙanana ne, ba mai sayensa a kasuwa, shi ya sa Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA, wadda ke da reshe a Kano, ta shigar da juriyar cikin wani farin wake mai lamba IT97K-499-35, wanda aka fitar wa manoman Najeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10. Shi na ɗauka a matsayin uba. Uwar kuwa wani jan wake ne na gargajiya mai manyan ƙwaya, irin wanda mata ke so saboda saurin nuna da daɗin ɗanɗano, amma wuta-wuta tana cinye shi ƙurmus.

Barbarar wake aiki ne na mai haƙuri, domin furen wake kansa yake yi wa barbara tun kafin ya gama buɗewa. Da yamma ake zuwa a zaɓi tohon da zai buɗe washegari, a tsaga shi da hantsaki, a cire sassan namijin guda goma ɗaya bayan ɗaya ba tare da an raunata na macen ba, sannan da sassafe a tsinko buɗaɗɗen fure daga uban a goga garinsa a kai, a ɗaura zare da 'yar takarda mai ɗauke da kwanan wata. Da yawa daga cikin furannin zubewa suke yi bayan kwana biyu ko uku, musamman idan an yi zafi. Wani dattijon ma'aikaci da ke kula da ɗakin ragar, wanda dukanmu muke kira Baba, shi ya gyara mini riƙon hantsakin, yana cewa, "'Yata, ki daina matse shi haka, fure ba ya son ƙarfi." Waɗanda suka kama suka ba ni zuriya ta farko, na shuka su suka yi wa kansu barbara, kuma 'ya'yansu, wato zuriya ta biyu, su ne na zuba a tukwane a watan Oktoba, kowace ƙwaya da tukunyarta da lambarta, cikin ƙasar da aka cakuɗa da irin wuta-wuta. A tsakankaninsu na jera tukwanen iyayen biyu, domin idan uwar da aka sani ba ta da juriya ta tsira lafiya, to irin ciyawar ne ya mutu, kuma gwajin gaba ɗaya ya tashi a banza.

A makon da na yi shukar ne aka raba mana takardun waƙa. Tsarin taron shi ne na karatu tara daga Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi a tsakaninsu, wanda Bishop Edward Benson ya fara a garin Truro na Ingila a 1880, ya kuma shahara bayan Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauke shi a 1918. Namu ya ƙunshi waƙoƙin Hausa da na wasu harsunan ɗalibai, sai kuma babbar waƙar rufewa, wato Halleluya ta cikin Messiah, aikin da George Frideric Handel ya rubuta cikin kwana 24 a 1741, aka kuma fara rera shi a Dublin a watan Afrilun 1742. A wurin asali ba waƙar Kirsimeti ba ce, ita ce ke rufe kashi na biyu na aikin, kuma kalmominta daga littafin Wahayi aka ɗauko su, amma ƙungiyoyin mawaƙa a ko'ina sun saba rufe taron Disamba da ita.

Mafi yawanmu ba ma karanta rubutun waƙa na layi biyar da ɗigogi. Da sol-fa muka tashi, wato tsarin haruffan d, r, m, f, s, l, t, wanda Sarah Glover ta assasa a Ingila, John Curwen kuma ya gyara ya yaɗa daga shekarun 1840, 'yan mishan suka kawo shi makarantu da majami'un Afirka. A cikinsa ɗigo biyu a tsaye ke raba bugu da bugu, ɗigo ɗaya ya raba bugu gida biyu, waƙafi ya raba shi gida huɗu, ɗan layi a kwance kuma yana nufin a ci gaba da riƙe sautin. Kwafin da muka gada daga magabata an sha ɗaukar hotonsa har wasu ɗigogin sun ɓace, wasu kuma datti ya haifar da su inda babu su. Malamin waƙarmu, wanda malami ne a tsangayar injiniya, ya ji wani wuri a layin alto yana karo da na teno, ya ce ba zai yiwu Handel ya rubuta haka ba. Tun da ni ce ke wuni a laburare, sai ya ce, "Ƙanwata, ki duba mana sashen M ko akwai cikakken littafin." Akwai shi kuwa, tsoho, da katin aro a aljihun bangonsa wanda ya nuna an daɗe ba a fitar da shi ba. Na aro, shi da mai kaɗa fiyano suka zauna suka bi shi gaba da gaba, suka tarar cewa wani mai kwafi ya rubuta f a inda ya kamata a ce fe, wato sautin da aka ɗaga da rabin mataki, kuma mawaƙan alto sun shekara da shekaru suna rera shi haka. Gyara kuskuren a takarda bai ɗauki minti biyar ba, amma cire shi daga bakin tsofaffin 'yan ƙungiya ya ci makonni.

A ganina alto ita ce murya mafi wuyar riƙewa a cikin huɗun, kodayake na san 'yan teno ba za su yarda da ni ba. Safrano ita ke ɗauke da karin da kowa ya sani, bas yana da tushen da kunne ke kamawa nan take, amma alto tana tsakiya, sau da yawa tana maimaita sauti biyu ko uku, kuma da mutum ya saki hankalinsa sai ya tsinci kansa yana bin safrano. Muna fara bita kashi-kashi, kowace murya a kusurwarta, muna rera haruffan sol-fa zalla har sai sun zauna, sannan a ɗora kalmomi, sannan a haɗu. Wurin da ya fi ba mu wahala shi ne inda muryoyin ke shiga ɗaya bayan ɗaya da kari guda: bas su fara, teno su bi, sai alto, sai safrano. Wanda ya jira ya ji na kusa da shi ya shiga kafin ya buɗe baki, ya riga ya makara, dole sai da ƙirga bugu a zuci. Akwai kuma shirun da ke zuwa dab da ƙarshe, bayan an yi ta maimaita kalmar da ƙarfi, inda kowa ke tsayawa cak kafin a rufe a hankali. Malamin ya sa mun maimaita wannan wurin fiye da kowane, domin murya ɗaya da ta zarce a cikin shirun ta isa ta zama abin da mutane za su tafi da shi gida.

An kuma yi gwajin masu rera waƙa su kaɗai. Na nemi waƙar alto ta cikin kashin farko na Messiah, wadda aka ɗauko daga littafin Ishaya, amma tana da dogayen jerin sautuka da ake ja a kan gaɓa guda da numfashi ɗaya, kuma wata ɗalibar koyon aikin jinya ta fi ni dogon numfashi nesa ba kusa ba. Ita aka bai wa, kuma daidai aka yi. Ni aka ba ni bayar da waƙa a ɗaya daga cikin waƙoƙin Hausa, irin wadda mutum ɗaya ke bayarwa sauran su amsa, da kiɗan tulu da ganga da kacau-kacau. Wannan wani fanni ne daban. A waƙoƙin da aka fassaro aka ɗora kan karin Turawa, sau da yawa gaɓa mai tsawo tana faɗawa kan gajeren sauti, ko karin ya hau a inda maganar Hausa ke sauka, har mai sauraro ya riƙa laluben ma'ana. Wannan matsala ce da masana waƙar Najeriya irin su Farfesa Laz Ekwueme suka daɗe suna rubutu a kanta game da harsunan da hawa da saukar murya ke sauya ma'ana a cikinsu. Waƙar da aka ba ni kuwa da Hausa aka ƙaga ta tun asali, karinta yana bin maganar, don haka ba ta da wuyar haddacewa. Wuyarta ita ce babu takardar da za a dogara da ita, mai bayarwa ce ke riƙe da saurin kiɗan, kuma wata uwa daga zumuntar mata da ta zo taimaka mana ta ce mini, "Ki buɗe bakinki, 'yar nan, wannan ba ta fiyano ba ce."

Mako uku bayan shuka na tsinki ɗanyen ganye daga kowane tsiro, na sa a 'yan bututun roba masu lamba, na jera a cikin ƙanƙara. Ciro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, daga ganye ba shi da wani sirri, amma yana da matakai da yawa kuma kowanne yana iya lalata na bayansa. Ana niƙa ganyen, a zuba masa ruwan sinadarin CTAB, a ajiye a ruwan zafi mai awo 65 na ma'aunin Salshiyos domin ƙwayoyin ganyen su fashe, sannan a ƙara kulorofom a girgiza, a sa a injin da ke juya bututun da gudu har ruwan ya rabu hawa biyu. Na saman ake zuƙowa a hankali da fifet, wato 'yar na'urar zuƙo ruwa kaɗan-kaɗan, a haɗa shi da wani nau'in alkohol mai sanyi, a sake juyawa, sai a ga wani ɗan farin abu kamar ƙwayar gero ya kwanta a gindin bututun. Shi ne DNA ɗin, kuma wanda ya karkatar da bututun da garaje wajen zubar da ruwa zai iya zubar da shi tare. Kulorofom yana da tururi mai cutarwa, a cikin akwatin zuƙe iska ake aiki da shi, kuma na kiyaye wannan sosai, tunda ga hunturu ya shigo yana busar da maƙogwaro, ga kuma bita da yamma.

Mataki na gaba shi ne PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ya kuma samu kyautar Nobel saboda ita a 1993. Manufarta ita ce a ɗauki wani ɗan guntun DNA a ninka shi sau miliyoyi har ya isa a gan shi. Guntun da nake nema wata alama ce mai suna SSR1, wadda ke tafiya tare da ƙwayar gadon juriyar. Injin yana ɗaga zafi zuwa 94 domin igiyoyin DNA biyu su rabu, ya sauke zuwa wajen 55 domin 'yan guntayen da ke nuna wurin farawa su liƙe, ya koma 72 domin a gina sabuwar igiya, ya kuma maimaita wannan zagayen sau talatin da wani abu. Sinadarin da ke ginin daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi, wadda ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafin ba ya kashe shi. Aikin yana cin kusan awa uku, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya ba a tayar da janareta da wuri ba, sai a sake daga farko da sinadarai masu tsada. Wannan ne ya sa na riƙa ɗora injin da misalin ƙarfe uku, in tafi bita, wani abokin karatuna da ke aiki a kan gyaɗa ya tsare mini shi, ni kuma in tsare masa nasa ranar Laraba da Juma'a. Ba don wannan musayar ba da dole in bar ɗaya daga cikin ayyukan biyu.

Bayan bita nake komawa in zuba jel. Ana dafa garin agaros a ruwa, a zuba a faranti ya daskare da 'yan ramuka a gefe ɗaya, a ɗiga samfurin kowane tsiro a raminsa, a kunna lantarki. DNA yana tafiya zuwa ɓangaren da ke jan sa, ƙananan guntaye suna rigan manya, kuma idan aka haska jel ɗin da fitila ta musamman a cikin duhu sai a ga ɗan layi mai ƙyalli a wajen tsawon 150 na ma'aunin guntayen DNA ga tsiron da ya gaji alamar, wanda bai gada ba kuwa wurinsa ya zauna fayau. A nan ne malamina ya fi tsananta mini, kuma a nan nake ganin ɗalibai da yawa ke ruɗin kansu. Rashin layi yana iya nufin tsiron bai gaji juriya ba, yana kuma iya nufin DNA ɗinsa ne bai fita da kyau ba, ko kuma an manta ba a ɗiga wani sinadari ba. Don haka kowane jel sai ya ƙunshi samfurin uba, da na uwa, da bututun da ruwa zalla ke ciki, kuma duk tsiron da bai nuna layi ba sai an sake gwada shi kafin a rubuta masa hukunci. Na kai masa hoton wani jel da nake alfahari da shi, ya nuna wani layi dishi-dishi da bakin biro ya ce, "Wannan layi ne, ko kuwa so kike ya zama layi?" Sai da na sake shi.

Tun a mako na shida wuta-wutar ta fara leƙowa a tukwanen uwar da wasu daga cikin 'ya'yan, kuma kowace safiya ina zagayawa da littafi ina rubuta lambar tukunya da ranar da ta fito. Tsirran da ta kama sun tsumbure, ganyensu ya yi ɗorawa-ɗorawa tsakanin jijiyoyi, na kusa da su kuma suna kore shar.

An yi taron waƙar a daren Lahadi ta biyu ta Disamba, majami'ar ta cika har waje, da ɗalibai da malamai da iyalansu. Mun shigo a jere cikin dogayen riguna, kowa da kyandir, kuma abin da na fara lura da shi shi ne cewa ɗakin da muka saba ji yana amsa kuwwa lokacin bita ya daina, domin jikin mutane da tufafinsu sun shanye sautin. Daga inda nake ba na jin 'yan bas sosai, don haka ido na sa wa hannun malamin fiye da yadda na saba. Ɗalibar da ta yi waƙar alto ta ja dogayen jerin nan ba tare da ta yanke ba, har na ji ta kusa da ni ta sauke ajiyar zuciya a madadinta. Da aka zo tawa, mai tulu ya fara da ɗan sauri fiye da na bita, na bi shi a baiti na farko sannan na ja shi baya kaɗan-kaɗan, kuma kafin a kai tsakiya jama'a sun karɓe amshin, wasu iyaye mata suna guɗa. A waƙar rufewa kowa ya miƙe tsaye kamar yadda aka saba yi mata a ko'ina. Sautin fe ɗin nan ya fita daidai a bakin yawancinmu, shirun dab da ƙarshe kuma ya tsaya ba wanda ya keta shi. 'Yan teno sun ɗan yi gaba a wurin shiga ɗaya bayan ɗaya, malamin ya ambata a bitar da ta biyo baya, amma ban ga alamar masu sauraro sun kula ba.

Kwana biyu bayan haka muka fara wanke saiwa, domin tsiron da ciyawar ba ta fito a tukunyarsa ba ba a kiransa mai juriya sai an duba ƙarƙashin ƙasa. Ana juye tukunyar a babban baho na ruwa, a girgiza a hankali har ƙasar ta zube, a shimfiɗa saiwar a kan raga a bi ta da ido da yatsa ana neman ƙulli. Ruwan da sanyi ƙarara da safiyar hunturu, Baba da wasu ɗalibai biyu suka taya ni. A nan aka samu 'yan tsirran da a sama lafiya lau suke, amma a saiwarsu akwai ƙulle-ƙullen wuta-wuta da ba su kai ga fitowa ba, kuma da na koma littafin jel na tarar ba su da layin. Da a ce da abin da ido ya gani a saman tukunya kaɗai na yi hukunci, da na sa su cikin masu juriya. An kuma samu tsiron da ba shi da layi, ba shi da ƙulli, wanda mai yiwuwa saiwarsa ce ba ta haɗu da irin ciyawar ba, kuma malamina ya ce a rubuta shi yadda yake, a sake gwada 'ya'yansa.

Da na haɗa lissafi, masu juriya da marasa juriya sun zo kusa da uku bisa ɗaya, wato rabon da Gregor Mendel ya samu a kan waken Turawa a lambun gidan ibada na garin Brno da ke ƙasar Czech ta yanzu, ya kuma wallafa a 1866. Gwajin lissafin da ake yi domin a ga ko bambancin da ke tsakanin abin da aka samu da abin da ake tsammani ya wuce na sa'a ya ba da adadin da ke ƙasa da 3.84, wanda shi ne iyaka a irin wannan gwaji, don haka sakamakon ya dace da ƙwayar gado guda mai rinjaye, kamar yadda maƙalar 1990 ta nuna. Sai dai alamar SSR1 ba ta bambanta tsiron da ya gaji juriyar kwafi biyu da wanda ya gaji kwafi ɗaya ba, dukansu layi guda suke nunawa. A ƙa'ida kashi ɗaya cikin uku na masu juriyar ne kawai za su haifi 'ya'ya masu juriya duka, sauran kashi biyun za su ci gaba da rarrabuwa. Saboda haka na girbe kowane tsiro daban a ambulan ɗinsa, na ware waɗanda ƙwayarsu ta ɗauko ja da girman na uwar, domin su ne manomi zai karɓa, na kuma shirya tukwanen zuriya ta uku da za a shuka layi-layi a watan Janairu. A makon da aka dawo hutu malamin waƙa ya raba takardun Ista, kuma littafin da na aro daga sashen M sai da na je na sabunta aronsa, domin ya ce a wannan karon za a bi kowane layi a gwada shi da asali kafin a koya wa kowa.